Me ya sa likitocin Sin na dā suka ce hanta tana hagu?

Tambaya: "Na ga wani zanen Sinawa, jikin mutum ne amma an cika shi da dabbobi: wani dodo a hagu, damisa a dama, tsuntsu a ƙirji, kunkuru a ƙasa. An ce min zanen addinin Dao ne, amma masu maganin gargajiyar Sin ma suna aiki da shi. Har na karanta cewa a littattafansu hanta tana hagu, alhali kowane mahauci ya san a dama take. Jahilci ne, ko akwai abin da ban gane ba? Sannan wannan abu magani ne ko addini?"

Amsa:

Malam, jimlar da ka karanta tana nan daram a babi na 52 na Suwen, rabin farko na Huangdi Neijing, littafin da ake ɗauka uwa ga likitancin Sin, wanda aka harhaɗa a zamanin daular Han, wajen ƙarni na 2 zuwa na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Cewa ta yi hanta tana tasowa daga hagu, huhu kuma yana ɓuya a dama. Amma kafin ka yanke mata hukunci, ka fara sanin ina mai maganar ya fuskanta.

Mu a nan in za a shimfiɗa tabarmar salla gabas ake nema, sauran kusurwoyi su biyo baya. Basine na dā kudu yake nema. Sarki yana zama ne ya ba arewa baya, gida kuma ana son ƙofarsa ta kalli kudu, domin ta can rana take shigowa da hunturu, iska mai cizo kuwa daga arewa take busowa. Har taswirorin da aka tono a kabarin Mawangdui, wanda aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa, kudu ce a samansu. To tsaya ka fuskanci kudu. Hannunka na hagu gabas yake, na dama yamma, gabanka kudu, bayanka arewa. Duk inda tsohon littafinsu ya ce "hagu" a irin wannan magana, ka karanta "gabas", wato mafitar rana, lokacin toho, abin da ke tashi sama. "Dama" kuma mafaɗar rana ce, kaka, abin da ke sauka. Abin da marubucin yake faɗa shi ne aikin hanta irin na tashi ne da bazuwa, aikin huhu irin na saukarwa ne da tattarawa. Motsi yake bayyanawa, bai shiga batun inda tsokar take kwance ba.

Dabbobin da ka gani sun girmi likitancin, sun kuma girmi addinin Dao ɗin kansa. Daga sama aka sauko da su. Masu duban taurarin Sin sun raba hanyar wata gida 28, suka kasa su kashi huɗu, bakwai-bakwai, kowane kashi suka ga siffar wata dabba a cikinsa. Na gabas Koren Dodo ne, Qinglong, doguwar halitta mai jikin maciji da ƙaho da ƙafa huɗu, wadda a wurinsu mai kawo ruwan sama ce, ba abin tsoro ba. Na kudu Jan Tsuntsu, Zhuque. Na yamma Farar Damisa, Baihu, irin damisar nan ta Asiya mai ratsi-ratsi. Na arewa Xuanwu, baƙin kunkuru da maciji ya naɗe. Malamanmu masu lissafin taurari sun san manazil 28 na Larabawa. Adadin ya zo ɗaya domin wata ɗaya ake bi, amma kowa da abin da idonsa ya zana. Jan tauraron da Larabawa suka kira zuciyar kunama, Sinawa zuciyar Dodo suka kira shi. Kaza da 'Ya'yanta kuwa a jikin Damisa take. Idan sanyi ya ja baya, taurarin ƙahon Dodo suka fara leƙowa daga gabas da almuru, manomi ya san lokacin aiki ya yi, har yau kuma ana bikin "Dodo ya ɗaga kai" ranar 2 ga wata na 2 na kalandarsu. Ka ga yadda kusurwa ta koma lokaci.

Shaidar tsufan abin tana ƙarƙashin ƙasa. A 1987 an tono wani kabari a Xishuipo, lardin Henan, mai shekara wajen 6,000, an jera ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa a siffar dodo a gabas da gawar, damisa a yamma. Masana suna jayayya kan ko wannan yana da alaƙa kai tsaye da tsarin da ya zo daga baya. Wanda ba a jayayya a kansa shi ne murfin akwatin tufafi na kabarin Yi, sarkin Zeng, na wajen shekara ta 433 kafin haihuwar Annabi Isa: sunayen gidaje 28 a zagaye, dodo a gefe guda, damisa a ɗaya gefen. Zuwa zamanin Han dabbobin sun shiga ko'ina, a bakin rufin gidaje, a tutocin yaƙi, a bayan madubin tagulla, inda ake rubuta cewa dodo a hagu da damisa a dama suna kore sharri.

A kan wannan taswira aka ɗora wuxing, matakai biyar: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe, ruwa. Huɗu sun samu kusurwa, ƙasa ta zauna a tsakiya. Daga nan marubutan Han suka yi ta rataya duniya a jikin ƙusoshin nan biyar. Gabas ta ɗauki itace da launin kore da tsami da iska da fushi da ido da hanta. Kudu ta ɗauki wuta, ja, ɗaci, murna, harshe, zuciya. Yamma ƙarfe, fari, yaji, baƙin ciki, hanci, huhu. Arewa ruwa, baƙi, gishiri, tsoro, kunne, ƙoda. Tsakiya rawaya, zaƙi, yawan tunani, baki, saifa. Wanda ya je Beijing zai ga wannan da idonsa a dandalin Shejitan, dab da tsohuwar fadar sarki, inda aka shimfiɗa ƙasa mai launi biyar, kowace a kusurwarta, rawaya a tsakiya.

Abin da ya fi jan hankalina a tambayarka shi ne maganar mahauci, domin Sinawa ma suna da tsarin mahauci, kuma ya riga na likitoci shiga rubutu. A littafin Lüshi Chunqiu, wanda aka kammala wajen shekara ta 239 kafin haihuwar Annabi Isa, an faɗi wace gaɓar dabbar yanka ake fara miƙawa a kowane lokaci na shekara: saifa da toho, huhu da zafi, zuciya a tsakiyar shekara, hanta da kaka, ƙoda da hunturu. Tsayar da rago ya fuskanci kudu ka duba. Saifarsa tana hagu, wato gabas. Hantarsa tana dama, yamma. Huhu a gaba, ƙoda a baya, zuciya a tsakiya. Komai ya faɗa daidai inda wuƙa za ta same shi. Masu yanka sun san inda hanta take sarai. Likitoci ne suka bar wannan jeri suka ɗauki wani, domin abin da ya dame su shi ne halin gaɓa: zuciya mai ɗumi da jan jini ta fi kama da wuta, ƙoda mai fitsari ta fi kama da ruwa. Da zuciya ta koma kudu, sai sauran suka sake kujera, hanta ta tsinci kanta a gabas.

Kada dai mu wanke su tas. Akwai masu zane da suka ɗauki jimlar a zahirinta. Zanukan cikin jiki da ake dangantawa da wani malamin Dao mai laƙabin Yanluozi, na ƙarni na 10, sun ajiye hanta a hagu, saifa a dama. Sai da aka feɗe gawarwakin waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa a zamanin Song, har likita Yang Jie ya fitar da nasa zanen a 1113, sannan hanta ta koma mazauninta a takarda. A ƙarni na 14 Hua Shou ya raba gardama da cewa mulkin hanta a hagu yake, gangar jikinta a dama. Wang Qingren, wanda ya yi ta leƙa gawarwakin yaran da annoba ta kashe, ya buga littafinsa na gyaran kurakuran likitoci a 1830 yana caccakar magabata. Wato suka daga cikin gida ya fara, tun kafin likitocin Turai su cika tashoshin ruwan Sin.

Yanzu ga inda addinin Dao ya shigo. A matsayin jama'a mai limamai da tsari, ana kai farkonsa ga Zhang Daoling a yankin Sichuan, shekara ta 142 miladiyya, lokacin da taswirar ta riga ta tsufa. Abin da mabiya Dao suka yi shi ne suka zaunar da masu gadi a cikinta. A wurinsu kowace gaɓa tana da ruhin da ke zaune ciki, mai suna da tufafi da launi, ciwo kuma yana samun ƙofa ne idan mai gadin ya fice yawo. Wani tsohon nassinsu, Taiping Jing, ya ba da magani kai tsaye: a zana siffofin waɗannan ruhohi da launin da ya dace da lokacin shekara, a rataye a ɗaki mai tsabta, mutum ya zauna ya ƙura musu ido yana tuna su har su dawo. Ka ga a nan zanen kansa ne kayan aikin jinya. Ge Hong, malamin Dao wanda ya rayu daga 283 zuwa 343, ya koyar da a hango Laozi, tsohon malamin da mabiya Dao suke ɗauka ubansu, da koren dodo 12 a hagunsa, farar damisa 26 a damansa, jan tsuntsu 24 a gaba, Xuanwu 72 a baya, tamkar sarki cikin dogarai. Mai wannan tunani yana kewaye kansa ne da sama gaba ɗaya.

Irin zanen da ka gani, asalinsa ya fi komawa ga wata mace, Hu Yin, malamar Dao kuma likita a zamanin Tang, wadda ta rubuta gabatarwar littafinta a 848. Ta bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, ta zana dabbar kowace, ta faɗi alamun ciwonta, abincin da za a kiyaye, motsa jiki da salon numfashin da ya dace da ita, da magani. Hanta dodo, huhu farar damisa, zuciya jan tsuntsu, saifa fenghuang, sarkin tsuntsaye a almararsu. Amma ƙoda ba ta ba ta kunkuru ba, barewa mai kai biyu ta ba ta, kunkuru da maciji kuma ta kai su matsarmama. Wannan ɗan saɓani yana da amfani ga duk wanda aka gaya wa tsarin ɗaya ne tilo da bai taɓa motsi ba.

Akwai wani zane da ya fi wannan shahara, Neijing Tu, wanda aka sassaƙa a 1886 a haikalin Baiyun na Beijing. Shi ba ya nuna fata ko hannu ko ƙafa. Mutum ne zaune an kalle shi ta gefe, amma ƙasa ce guda. Kansa duwatsu ne masu tsini tara, wani tsoho yana zaune a cikinsu. Ƙashin baya kogi ne mai mashigai uku. A can ƙasa, wajen mazauni, yaro da yarinya suna taka injin ɗiban ruwa da ƙafa, suna tilasta wa ruwa ya hau sama maimakon ya gangara. Sama da su manomi yana huɗa da sa, a tsakiya wata mace tana kaɗi, a wajen zuciya wani yaro yana riƙe da taurari bakwai na arewa. Duk aikin da ake yi a hoton ɗaya ne: a ɗaga ruwan arewa sama, a sauko da wutar kudu ƙasa, su haɗu. Ita ma haɗuwar dodo da damisa da ake yawan zanawa a irin waɗannan littattafai ma'anarta ke nan. A tsohon aikin haɗa maganin dawwama, dodo zaiba ne, damisa darma, kuma haɗiyar irin wannan haɗi ta kashe sarakunan Tang da dama. Da aka mayar da aikin cikin jiki, ta hanyar numfashi da tunani, an rage gawarwaki.

A haikali ma ƙa'idar ba ta canzawa. A zauren Sanqing na Yongle Gong, lardin Shanxi, bangon da aka gama zanawa a 1325 yana ɗauke da jerin gwanon siffofi kusan 300, kuma Dodo da Damisa ne suke gaba a gefe biyu na ƙofa, cikin siffar jarumai. Kunkurun arewa shi ya fi kowa ci gaba: ya zama mutum. A dutsen Wudang na lardin Hubei, cikin zauren tagulla mai ruwan zinariya da sarki Yongle ya sa aka kafa a 1416, yana zaune ba takalmi, gashi a sake, sulke a ƙarƙashin riga, kunkuru da maciji a gaban ƙafafunsa. Sunansa ya koma Zhenwu tun zamanin Song, domin harafin "xuan" ya zo ɗaya da sunan kakan da gidan sarauta ya ɗauka nasa, ba a kuwa kama sunan irin wannan kaka.

Likitoci fa, ina suka kai taswirar? Sun kai ta fuska. Babi na 32 na Suwen ya ce zazzaɓin hanta kuncin hagu yake fara jajantawa, na huhu kuncin dama, na zuciya goshi, na ƙoda haɓa, na saifa hanci. Duba da kyau, taswirar nan ce mai kudu a sama aka manna wa mutum a fuska. Sun kai ta wuyan hannu, inda ake jin bugun hanta a hagu, na huhu a dama. Sun kai ta har tarihin sana'arsu: babi na 12 ya ce sakiya da tsinin dutse daga gabas ta zo, wurin masu cin kifi da gishiri da ke fama da maruru; magungunan sha daga yamma; ƙona ganye a kan fata daga arewa mai sanyi, ƙasar masu shan nono; siraran allurai daga kudu; tausa da miƙe jiki daga tsakiya. A littafin Nanjing kuma, tambaya ta 75, akwai umarnin jinya da ba a ambaci gaɓa ko ɗaya a bakinsa ba: gabas ta cika, yamma ta rage, a rage kudu, a ƙara arewa. Fassararsa, hanta ta yi ƙarfi, huhu ya raunana. Wuta 'yar itace ce, ita ce kuma mai narka ƙarfe, don haka in ka rage wutar zuciya ta daina cin huhu, in ka ƙara ruwan ƙoda ya taya ka kashe ta.

Sunayen magunguna ma sun ɗauko dabbobin. Zhang Zhongjing, wajen shekara ta 200 miladiyya, ya bar haɗe-haɗen da ake dafawa har gobe. Ruwan Farar Damisa farin dutsen jifsam ne da shinkafa da saiwoyi biyu, ana ba mai zazzaɓi mai tsanani da ƙishi da gumi, ana kwatanta shi da iskar kaka da ke karya zafi. Ruwan Zhenwu na kumburi ne da taruwar ruwa a jiki. Ruwan Koren Dodo, babba da ƙarami, na mura ne da tari da rashin gumi. Nan fa mai bin jadawali ido rufe zai rikice, domin Dodo na hanta ne, maganin kuwa na huhu. Abin da aka duba shi ne Dodo mai tada hadari ne, ganyen mahuang da ke cikin haɗin kore ne, kuma yana sa gumi ya zubo. Tsarin yana da sassauci ƙwarai, kuma a ganina nan ne ƙarfinsa da rauninsa suke tare: yana taimaka wa ɗalibi ya riƙe dubban abubuwa a ka, amma da wuya ka kama shi da kuskure, domin kullum akwai wata alaƙar da za a jawo ta cece shi.

Magani ne ko addini? Biyu ne da suka sha daga rijiya ɗaya, wani lokaci kuma mutum ɗaya ke riƙe da gugan biyu. Sun Simiao, wanda ya rasu a 682, likita ne, malamin Dao ne, bayan mutuwarsa kuma aka mayar da shi Sarkin Magani, ana sassaƙa shi zaune a kan damisa yana yi wa dodo allura a saman kansa. Amma Suwen da kansa ya ja layi, inda ya ce wanda tsoron fatalwa da ruhohi ya ɗaure ba a tattauna zurfin likitanci da shi. Likitan da ke jin bugun jini yana cewa "itace ya danne ƙasa" ba ya kiran kowa, rabe-rabe yake yi, irin yadda tsofaffin littattafan ɗibbu suke raba abinci zuwa mai zafi da mai sanyi, mai danshi da busasshe. Wanda ya zauna yana kiran ruhin hanta da sunansa kuwa ibadar addininsa yake yi. Hukuncin abin ga Musulmi na malaman fiƙihu ne, amma bambancin aikin biyu a fili yake.

Ta fuskar kimiyya, babu hujjar cewa gabas tana da wani tasiri a kan hanta, ko launin fari a kan huhu. Abin da ya tsira daga wannan gado ya tsira ne da aka gwada shi. Ge Hong ɗin nan mai dodanni 12 shi ne ya rubuta a jiƙa ganyen qinghao, ɗan'uwan tazargade, a ruwa a matse a sha don zazzaɓi mai zuwa yana dawowa. Daga wannan layi Tu Youyou, wata masaniyar magunguna 'yar Sin, ta gane cewa tafasawa ke lalata sinadarin, ta canza hanya, aka samu artemisinin a farkon shekarun 1970, ta karɓi kyautar Nobel a 2015, kuma shi ne ƙashin bayan maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau. Jadawalin kusurwoyi bai taka rawa a wannan ba.

Sinawa sun yi wannan gardama a tsakaninsu da zafi. A 1922 Yun Tieqiao ya kare tsohon littafin da cewa gaɓoɓi biyar na cikinsa ba na tsoka da jini ba ne, na lokutan shekara ne. A 1929 Yu Yunxiu ya gabatar da ƙudurin soke likitancin gargajiya baki ɗaya, masu sana'ar suka yi gangami a Shanghai ranar 17 ga Maris, ƙudurin bai kai ga aiki ba. Amsar Yun ce ta yi rinjaye a makarantu, kuma tana da sakamako a gare ka in ka taɓa zama gaban mai wannan magani. Idan ya ce ƙodarka ta yi rauni, yana nufin kana jin sanyi, bayanka na ciwo, ƙarfinka ya ragu. Bai auna ƙodar da ke tace jininka ba, kuma maganarsa ba ta tabbatar da ciwon ƙoda, ba ta kore shi. Wannan sai gwajin jini da fitsari a asibiti. Ka kuma tambayi abin da ke cikin ƙullin kafin ka sha. Mahuang na Ruwan Koren Dodo yana ɗauke da efedirin, yana ɗaga hawan jini da bugun zuciya, har Amurka ta hana sayar da shi a matsayin ƙarin abinci a 2004. Fuzi na Ruwan Zhenwu saiwa ce mai dafi, in ba a sarrafa ta an dafa ta yadda ya kamata ba tana rikita bugun zuciya har ta yi kisa. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya da mai juna biyu kada su kusanci ko ɗaya daga cikinsu sai da sanin likita.